Shekarar da Na Gina Inna da Yumɓu

Ƴaƴana, na san kun sha jin labarin shekarar da na ajiye aikin koyarwa, kuma kowa da irin yadda ya ji shi. Wasu sun ce muku ni da Kawunku Malam Attahiru mun yi faɗa a kan ƴar tsana har muka daina gaisawa. Wasu sun ce na kwashe kayana na farfasa don fushi. Nafisa ce kaɗai take gida a lokacin, sauranku kowa yana garin aikinsa ko gidan aurensa, ita kuwa ta kalli abin ne da idon ɗiya mai kishin uwarta. To bari ku ji daga bakina. Shekarar nan ba ta baƙin ciki ba ce. Ban taɓa yin shekarar da nake ɗokin gari ya waye kamar ita ba.

Bayan an yi mini walimar sallama a makarantar firamaren da na ƙare ƙuruciyata a cikinta, na dawo gida Tudun Wada na zauna. Da farko na yi ta barci. Da barcin ya ƙare na shiga wanke duk abin da ke gidan, har wanda ba shi da datti. Da wankin ya ƙare sai na koma kan Babanku, ina gyara masa magana, ina tambayarsa dalilin da ya sa ya ajiye hula a inda ba nan ne wurinta ba. Wata safiya yana shirin fita rumfarsa ta yadi, ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni.

"Hajiya, ki samu abin yi don Allah. Ko ki biyo ni kassuwa ki riƙa auna yadi. In ba haka ba, ni za ki mayar ɗan aji ɗaya."

Abin yin ya zo ta inda ban zata ba. Randarmu ta tsage, na je wurin Jimma mai ginin tukwane a bayan unguwa don in zaɓi wata. Na tarar da ita tana kwaɓa yumɓu, sai na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Lokacin da nake koyar da ƙananan azuzuwa nakan gina wa yara raƙuma da jakuna da shanu na laka mu yi ƙidaya da su, kuma a gaskiya na fi yaran jin daɗin abin. Na roƙi Jimma curi ɗaya, ta ba ni tana dariya, ta ce in dai ba tukunya zan gina in kashe mata kasuwa ba. A ranar, a gindin darbejiyar tsakar gida, na gina Bafulatanar da ke kawo mana nono, da ƙwaryarta a ka da faifai a rufe, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Jimma ta gasa mini ita cikin tukwanenta. Na samo ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar gida, na haɗa da shuni da jan farcen Nafisa, na yi burushi da gashin kaza, na shafe ta tas. Da na ɗora ta a kan tagar ɗaki na ja da baya na kalle ta, sai na ji kamar ranar da na fara karanta sunana a allo.

Nafisa ta dawo daga ofishinsu na Sama Road da la'asar, ta gan ta, ta ajiye jaka ba ta ko cire mayafi ba.

"Mama, wa ya yi wagga? Ke? Wallahi Hari ce mai nono! Har yadda take karkata ƙugu!"

Ta ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, sannan ta zauna kusa da ni a tabarma ta buɗe wayarta ta ce in ga wani abu. Ashe a intanet akwai guruf na mutane daga ƙasashen duniya da ba su da wani abin sha'awa sai shafa wa ƙananan mutum-mutumi fenti da hannu. Na riƙe wayar na kasa saki. Ga wani dattijo mai farin gemu ya zana ƙwayar idon wani ɗan soja da bai kai babban yatsana ba. Ga wata mata ta yi wa ƴar tsohuwa rigar sanyi, kana ganin kowane zare. Ga masunta, ga makiyaya, ga masu gasa burodi, kowa da mutanen garinsu. Ni da nake tsammanin abin da na yi wasan tsofaffi ne da ya kamata in ɓoye kafin baƙi su shigo, sai ga manyan mutane, likitoci da direbobi da ƴan fansho irina, suna yi da gaske, suna tambayar juna shawara kamar ɗalibai.

"Mu sa taki," in ji Nafisa.

"Ke dai rufa mini asiri. Da fentin ƙofa?"

Ba ta saurare ni ba. Ta buɗe mini suna a wayata, ta shigar da ni guruf ɗin, ta sa ni na rubuta layi biyu da Turancina na malaman firamare: sunana Balkisu, daga Sakkwato, wannan mai sayar da nono ce. Na danna da kaina. Washegari bayan na idar da sallar asuba na ji waya tana ta motsi a kan tebur kamar an saka ƙwaro a gwangwani. Na duba, sai ga saƙonni jere. Wasu da Turanci, wasu da harsunan da ban taɓa gani ba, wayar tana fassara mini. Wani yana tambaya mene ne a cikin ƙwaryar. Wata tana so ta san ko zanen jikin ƙwaryar yana da ma'ana. Wani ya ce bai taɓa jin sunan garinmu ba, ya je ya duba taswira. Na tashi da wayar a hannu na je na tsaya a kan Babanku yana lazimi, na kasa haƙuri ya gama.

"Alhaji, wani daga Japan yana gaishe ka!"

"Ni? Mi na yi mishi?"

"Na ce mijina ɗan kasuwar yadi ne, ya ce a gaishe ka."

"To ina amsawa. Ki ce mishi akwai shadda mai kyau."

A cikin masu saƙon akwai wata mata mai suna Rosa, daga Meziko, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ma da yumɓu take aiki. Ita ce ta fara gaya mini gaskiya. Bayan ta yabi tsayuwar Hari, sai ta ce fentina ya yi kauri, ya cike duk ƙananan layukan da na wahala na zana a jikin lakar. Ta ce in nemi fentin da ake sirkawa da ruwa, in shafa shi sirara, in bari ya bushe, in ƙara, in sake ƙarawa. Ta turo ɗan bidiyo, hannuwanta kawai ake gani, hannuwan tsohuwa masu jijiyoyi irin nawa. Ni da na shekara da shekaru ina gyara wa wasu aiki da jan biro, ban san akwai daɗi haka a ce an gyara maka ba. Nafisa ta yi mini odar fenti da burusa, wasu sirara kamar gashin gira. Ranar da kwalin ya iso na buɗe shi a tsakar gida ina guɗa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya haihu.

Daga nan gidan ya canza. Na mayar da ɗakin da samarinku suka bari wurin aiki. Na koyi yadda ake sa duhu a cikin ninkin zane, a sa haske a kan kafaɗa, yadda ake goge burushi ya kusa bushewa sannan a shafa shi sama-sama don saƙar kwando ta fito. Na gina mai albasa da buhunansa, na gina marini da hannuwansa shuɗɗa har gwiwar hannu, na gina raƙumi durƙushe da kaya. Duk wanda na gama sai in kai shi bakin taga inda hasken hantsi yake da kyau, in ɗauki hoto, in saka, in zauna jira. Babanku da ya fara da tsokana sai ga shi yana dawo mini da ƙyallayen atamfa da shadda a aljihu don in kwaikwayi zanensu. Daga baya na ji labari a bakin matar maƙwabcin rumfarsa cewa duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya nuna masa hotunan, yana cewa ai har Turawa suna tambayar Hajiya shawara. Ni da Rosa kuwa muka zama kamar ƴan ɗaki ɗaya. Ta san sunayenku duka. Na san ciwon gwiwarta, ta san nawa. Na koya mata dama fura, ta yi da irin hatsin da ta samu a can, ta turo hoton fuskarta bayan ta kurɓa, na yi dariya har da hawaye.

Al'adar guruf ɗin ce kowane wata a ba da jigo ɗaya kowa ya yi aiki a kai. Ana cikin damina aka ce jigon watan shi ne mutumin gidanku da kuke kewa. Ban yi wani tunani ba. Inna, mahaifiyata, wadda manyanku kaɗai suka riska, ita ce ta zo mini, zaune a ƙofar ɗakinta a gidanmu na Ƙofar Rini tana kaɗi. Ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a naɗe, auduga a hannun hagu a sama, mazari yana juyawa a cikin ƴar tasa, alli a yatsunta. Ban taɓa shan wahalar aiki kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba. Na gina na rushe, na gina na rushe. Wadda na fara kai wa Jimma ta fashe a wuta, na koma na sake. Da na zo kan fuska sai na rufe ƙofa. Ba mu da hoton Inna ko ɗaya, don haka daga cikin kaina na ciro ta: wushiryarta, ɗan tabon da ke gefen girarta ta dama, yadda take runtse ido ɗaya idan zare ya yi siriri. Da na ɗiga ɗigon haske na ƙarshe a idonta, sai na ajiye burushi na ce, "Inna, sannu da aiki," ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Abin da ya biyo bayan saka hoton nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane suka yi ta rubuto labarin iyayensu mata. Wani ya ce kakarsa ma haka take riƙe mazari a ƙauyensu na kan duwatsu. Rosa ta ce ta kalli hoton ta tashi ta kira ƙanwarta da suka daɗe ba su yi magana ba. Sai masu kula da guruf ɗin suka aiko mini cewa sun zaɓi Inna ta zama hoton da ke saman shafin, kuma suna so ta shiga baje kolin ƙarshen shekara da suke yi a intanet, inda ake zaɓar ayyuka kaɗan daga cikin na duniya. Na karanta saƙon, na ba Nafisa ta karanta mini don in tabbatar ba Turancina ne ya yaudare ni ba. Muka rungume juna muna tsalle a tsakar gida, ni da gwiwar nan tawa. Babanku ya aika aka sayo balangu. Don murna Nafisa ta tura hoton a guruf ɗin dangi, kafin magariba ƙannena mata sun kira ni ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kuka tana cewa Inna ce, wallahi Inna ce.

Yayana Malam Attahiru bai ce komai a can ba. Shi ne babbanmu, shi ya gaji karantarwar mahaifinmu, kuma ba mutum ne mai yawan magana a waya ba. Da safe ya kira ni.

"Balki, in kin samu sarari ki taho gida. Ki taho da abin nan da kinka gina."

Na naɗe ta a ɗankwali na sa a jaka, na hau Keke zuwa Ƙofar Rini. Na same shi a ɗakin karatunsa, ya sallami ɗalibai. Bayan mun gaisa na kwance ɗankwalin na ajiye ta a gabansa a kan darduma. Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo bai taɓa ta ba. Ya cire tabarau ya share ido da hannun riga.

"Har tabon," ya ce. "Ni na ja mata shi, ina yaro, da marfin tukunya. Allah ya jiƙan Inna."

Na ce amin. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya gyara zama.

"Balki, hannunki baiwa ce, ban musa ba. Kuma kin wuce in hana ki abu, kina da jikoki. Amma in na yi shiru na ci amanarki. Kin san abin da anka karantar da mu cikin gidan ga. Ƴar tsanar yara malamai sun yi sassauci a kanta. Amma surar mai rai, cikakkiya, mai inuwa, da ido da baki, wagga magana ce mai nauyi. Wannan ɗaya. Na biyu, ki tuna Inna. Ko mai hoto ya zo biki, ɗaki take shigewa. Ba ta taɓa yarda baƙon namiji ya ƙare wa fuskarta kallo ba. Yanzu ga ta a gaban duniya, ba a tambaye ta ba."

Maganar farko na san ta, na daɗe ina kewaye ta a zuciyata kamar yadda ake kewaye kududdufi. Ta biyun ce ta same ni a inda ban shirya ba. Na ce masa don ƙauna na yi.

"Awo, na sani," in ji shi. "Shi ya sa na kira ki ke kaɗai, ban rubuta cikin taron dangi ba. Ki tahi ki yi tunani. Abin da kinka yanke, ke da Ubangijinki."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da Keke da kansa. Wannan shi ne faɗan da aka ce muku mun yi.

A gida kam an yi hayaniya. Nafisa ta hau sama, ta ce an ga Mama ta samu abin da ke faranta mata rai shi ne za a ƙwace, ta ce akwai malamai a wasu ƙasashe da suke ganin abin da sauƙi, ta nemo mini bayanansu a waya. Na saurara, na kuma tambayi wasu da na yarda da iliminsu, na tarar lallai akwai saɓani, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Babanku ya ƙi shiga. Da na matsa masa sai ya ce:

"Hajiya, ni yadi na sani. Amma na san ki. In kinka bar abin ga yadda yake alhali ranki bai kwanta ba, ba za ki ƙara jin daɗin riƙe burushi ba. In kuma kinka bari gaba ɗaya, ni zan sha wahala. Ki nemo hanya."

Na yi kwanaki ina kai da kawo. Abin da na yanke ba fatawa ba ce, kada wani cikinku ya ɗauke shi haka. Abin da zuciyata ta natsu da shi ne. Na rubuta wa masu kula da guruf na gode musu, na ce na janye Inna daga baje kolin, na roƙe su su sauke hoton, na kuma goge nawa. Sannan wata safiya bayan kowa ya fita, na karɓo sanfefar goge katako wurin kafintan bakin layi, na zauna a bakin taga, na ɗora Inna a cinyata. Na fara goge fuskar daga idon da na fi wahala a kansa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka kamar ranar da aka fita da ita. Da na gama, wurin fuskar ya zama sumul, na shafa masa launin fatarta. Na bi sauran mutanena na kan kanta ɗaya bayan ɗaya na yi musu haka. Baje kolin ya zo ya wuce babu ni. Na shiga na kalli ayyukan da aka zaɓa, na yaba wa masu su, a raina kuwa na san inda Inna za ta tsaya a cikinsu. Wannan ɗacin har yau yakan taso, kuma na yarda da shi.

Na ɗauka mutanen guruf za su watse daga kaina. Na yi musu bayani a taƙaice, cewa daga yau mutanena ba za su ƙara samun fuska ba, saboda addinina da kuma kunyar mahaifiyata. Wasu suka nuna takaici. Wani ya rubuto da zafi cewa an danne ni, in yi tawaye. Na amsa masa cewa wadda ta yi shekaru tana tsawata wa aji mai cike da yara ba ta dannuwa da sauƙi, ni na zaɓa. Sai ga saƙon Rosa. Ta ce ta yi baƙin ciki, ba za ta yi mini ƙarya ba. Amma ta ce in tuna, kafin ta lura da idon Inna, hannun nan da ke sama da auduga ne ya fara kama ta. Ta ce yanzu aiki ya ƙaru: dole kafaɗa ta yi dariya, dole baya ya nuna gajiya, dole ɗaurin ɗankwali ya faɗi halin mai shi. Ta tambaye ni ko zan iya.

Ku kun san uwarku da kalmar ko za ki iya. Washegari ina wurin Jimma tun ba ta gama share rumfa ba. Na koma kallon mutane kamar ban taɓa ganinsu ba. In na je kasuwa sai in tsaya ina duban yadda mai tumatir ke dafa gwiwa kafin ta miƙe, yadda dillali ke tura hula gaba in ciniki ya yi daɗi, yadda mai jego ke karkata don goyo. Na gina mata biyu suna gulma a bakin rijiya, ɗaya ta kama haɓa, ɗaya ta dafa ƙirji, na saka hoton ban rubuta komai ba. Sai ga mutane daga ƙasashe daban-daban suna rubuta abin da suke jin matan suna faɗa, kuma wallahi kusan duk sun canka. Abin ya kai har masu kula da guruf suka sa jigon wani wata ya zama mutum ba fuska. Na zauna ina kallon ayyuka suna shigowa daga ko'ina, masu kamun kifi da masu rawa da tsofaffi a kan benci, duk ba ido ba baki, kowa yana cewa bai taɓa sanin abin yana da wuya haka ba, suna tambayata yadda nake yi. A watan nan ko abinci sai Nafisa ta yi da gaske nake ci.

Bayan sallar layya Yaya Malam ya zo Tudun Wada gaishe mu. Da ya gama cin abinci da Babanku sai ya ce in nuna masa ɗakin aikin. Na buɗe masa. Ya bi kantar a hankali, hannuwansa a baya.

"Wagga Jimma ce. Wanga kuma Alhaji ne yana auna yadi, ga yadda yake riƙe almakashi a hannu." Ya juyo yana murmushi. "Balki, ba zan ce miki kowane malami zai gamsu ba, ni kaina ba zan jera su a ɗakina ba. Amma na ga abin da kinka bari, na kuma san nauyinsa. Allah ya saka miki."

Sannan ya ce yana da roƙo. Za a rushe tsohon zauren mahaifinmu a sake gini, don bangon gabas ya tsage. Yana so in gina masa shi ƙarami kafin a taɓa, ba mutum ko ɗaya a ciki, zauren kawai da kayansa. Na ce sai dai ya riƙa zuwa yana tuna mini. Haka kuwa aka yi. Duk ranar da ba karatu sai ga shi da sandarsa, ya zauna a kujerar ɗakin aikina, ina gini yana ba da umarni. Muka yi buzun Baba, da alluna jingine a bango, da kurtun tawada, da gafaka rataye a ƙusa, da takalmansa a bakin ƙofa. Muka yi musu mai tsanani a kan inda tulun ruwa yake zama, shi ya ce dama, ni na ce hagu, har sai da muka kira ƙanwarmu Saratu a waya ta raba mu, ta ce ni ce da gaskiya. Shi da kansa ya karɓi burushi mafi siriri ya ja layukan tawada a kan allunan, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Da muka gama na nemi izininsa, na ɗauki hoto na saka a guruf. Washegari da hantsi sai ga kiransa, mutumin da ba ya kiran kowa sai da dalili.

"Balki, lahiya? Ina gajiya? To, mi sunka ce?"

Na fara karanta masa. Ya ce in bi a hankali, kada in tsallake ko ɗaya. Da na zo kan wata da ta tambaya wa ya yi rubutun kan allunan, don ta ga hannun daban ne, sai ya yi gyaran murya.

"Ki ce mata yayanki ne. Ki kuma ce mata wannan karon farko ne, na gaba zai fi kyau."